Inna, Ni Na Tafi Da Haƙoranki?

Zuwa ga mahaifiyata, a makwancinta da ke Kara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabin 'ya ga uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Baba yana nan lafiya, sai ciwon gwiwar nan da kika sani. Gwaggo Asabe, yayarsa, har yanzu ita ke riƙe da gidan tun bayan rasuwarki. Auta ta girma, ta kusa gama sakandare. Saniyar nan taki mai baƙin kunne ta sake haihuwa bana.

Na san wasiƙar nan ba za ta same ki ba. Malamarmu ta Islamiyyar matan aure ce ta aiko mini cewa in rubuta abin da ya same ni don a karanta wa matan aji. Na gwada rubuta musu har sau uku, na kasa haɗa layi biyu. Sai da na sa ki a gabana sannan alƙalami ya tafi. Saboda haka ki yi haƙuri, muna magana ne akwai masu saurare.

Na haihu, Inna. Mace ce. Yau kwananta talatin da ɗaya. An sa mata sunanki, shi ya sa babu mai iya kiran sunan, Ummi muke ce mata. A ɗakinki nake wankan jego, a kan gadonki nake rubutun nan, ita kuma tana ɗaure a ƙirjina. Ba ta cika wata tara ba. Dalilin da ya sa ba ta cika ba shi ne abin da ya hana ni sakat, kuma duk wanda na tambaya amsarsa daban.

Bari in fara daga inda na fara sanin bakinki.

Ban taɓa ganin ki da haƙoran gaba ba. Tun ina ƙarama, idan dariya ta kama ki sai kin ja gefen mayafi kin rufe baki. Idan an yi yanka, sai ki sa a daka miki naman a turmi. Rake kuwa sai dai ki ɓare mana ki zuba mana ido. Matan unguwa sun ce da can kina cikin masu fararen haƙora, har da 'yar wushirya. Ni ban riski wannan ba.

Ba kya kiran sunana, don ni ce babba a wurinki. Bakwaini kike ce mini, saboda da wata bakwai kika haife ni. Idan na yi miki ƙiriniya sai ki ce, “Ke Bakwaini, kin tafi da haƙorana, yanzu kuma ƙafata kike so?” Mutane su yi dariya, ke ma ki yi a bayan mayafi. Ni kuwa ban ɗauke shi wasa ba.

Kin tuna ranar da haƙorina na farko ya fita? Yara suka ce in rufe baki kar ƙadangare ya gani, in jefa haƙorin a kan rufin ɗaki. Ban jefa ba. Na zo na same ki kina tankaɗe, na buɗe hannu na ce ga naki na dawo miki da ɗaya, sauran ma idan sun fita zan kawo. Kika ajiye rariya, kika dube ni. Sannan kika ce in je in wanke hannuna. Daga ranar ba ki sake yi mini wannan wasan ba, amma ya riga ya zauna mini. Har na yi makaranta, na zama malamar firamare, na yi aure a Gude, a can ƙasan raina na yarda cewa ni na cinye miki baki tun ina ciki.

Cikina yana wata uku na fara ganin jini. Ina alwalar azahar a makaranta, na kurkure baki na tofar, sai ga ja a ƙasa. Na ce ko aswaki ne ya soke ni. Washegari na gatsa gwaiba, na ga shatin jini a jikinta. Kafin wata guda dasashina ya kumbura, ya yi jawur, ya sauko tsakanin haƙora. Sai wari ya biyo baya. Yara ba sa iya ɓoye abu. Idan na sunkuya ina duba littafinsu sai in ga sun ja da baya. Malam, surukinki, bai taɓa ce mini komai ba, sai dai ya dawo daga kasuwar Kabo da ƙullin kanumfari ya ajiye mini a kan taga.

Na aika wa Gwaggo. Ta aiko da bagaruwa, ta ce in riƙa tafasawa ina kurkurawa, ta ce jinin ciki ne ya hau sama, idan na haihu zai sauka. Maƙwabciyata Larai, wadda muka samu ciki kusan lokaci ɗaya, ta buɗe mini nata bakin. Wallahi nata ya fi nawa lalacewa. Ta ce, “Wannan ne cikina na huɗu, kuma kowanne haka nake yi. Ke dai ki saba.” Sai na fara sabawa.

Ranar wata Talata na je awo a Kabo. Malamar awon, Malama Hadiza, mutumiyar Gammo ce, ba ta da gaggawa. Ta duba idona, ta danna ƙafata, ta auna cikin. Tana yi mini tambayoyi ina amsawa, sai ta tsaya ta ce, “Malama, sauke mayafin nan daga bakinki, ba na jin abin da kike faɗa.” Inna, ban san na rufe baki ba. Hannuna ne ya ja mayafin da kansa, daidai yadda naki yake yi.

Ta sa auduga ta danna dasashin, jini ya fito har da ɗan ruwa fari. Ta ce ciki yakan sa dasashin mata da yawa ya kumbura ya yi jini, wannan ba baƙon abu ba ne. Amma nawa ya wuce nan. Datti ya daskare kamar tsakuwa a gindin haƙoran, ciwo ya shiga ƙasa. Ta ce an lura matan da ke da irin wannan ciwon sun fi yawan haihuwa kafin lokaci, ko su haifi jariri ƙarami. Na ce mata mene ne haɗin baki da mahaifa? Ta ce jini ɗaya ne ke zagaya su duka. Sannan ta tambaye ni ko ni kaina na cika wata tara. Na yi dariya na ce sunana ma Bakwaini a gida. Ta ce, “Mahaifiyarki fa, yaya haƙoranta?”

Ta rubuta mini takarda, ta ce in je babban asibiti a Gwarzo a wanke mini haƙoran, kuma kada in jira sai na haihu.

A mota, hanyar komawa Gude, na rasa inda zan ajiye maganar. Shekara ashirin da wani abu ina ɗauke da cewa ni na lalata miki baki. Yanzu an ce mini wataƙila bakin ne ya koro ni duniya lokaci bai yi ba. Ya kamata in ji sauƙi, ko ba haka ba? Ban ji ba. Sai na ji kamar ina son in ɗora miki laifi, kuma na ji kunyar kaina. Har na wuce inda zan sauka ban sani ba.

Da na gaya wa Malam, tambayarsa ta farko ita ce, mace ce mai wankin ko namiji? Muka bincika, aka ce namiji ne, kuma shi kaɗai ne. Kin san tun da aka ƙaddamar da shari'a Malam ya ƙara riƙe addini. Ba ya fashin wa'azi, ya hana ni hawa babur ɗin kowa sai nasa. Ba mai tsanani ba ne, ke ma shaida ce. Amma ya ce, “Yanzu namiji ya sa hannu a bakinki, fuskarsa a kan fuskarki, ni kuma in ce na yarda?” Ya ce in ba shi lokaci ya yi tunani.

Yana cikin tunanin Gwaggo ta ji labari. Ta taso takanas daga Kara ta zo Gude, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna a tsakar gida, ko ruwa ba ta sha ba, ta ce wa Malam, “Ba a taɓa haƙorin mai ciki. Jijiyarsa a mara take. Ka bari a sa mata ƙarfe a baki, ka ga cikin ya zube, kada ka ce ban faɗa ba.” Malam ya sunkuyar da kai. Gwaggo ta karɓi haihuwa a Kara ta fi a ƙirga. Ni kaina ban iya cewa ba ta sani ba.

Haka muka zauna mako bakwai. Takardar tana cikin jakar makarantata, kullum ina ganin ta. Malama Hadiza ta ce idan na bari zan iya cutar da cikin. Gwaggo ta ce idan na je zan zubar da shi. Dukansu so na suke yi. Idan jaririyar ta motsa sai in dafa cikin in rasa wace addu'a zan yi.

Azumi ya shigo a haka. Ina jin ɗanɗanon jini a bakina tun hantsi, ban san ko azumina yana nan ko ya karye ba. Na tambayi Malamar Islamiyya bayan an tashi daga aji. Ta ce abin da ya fi ƙarfina Allah ba zai kama ni da shi ba, kuma mai ciki idan tana tsoron cutuwa an ba ta dama ta sha ta rama. Sannan ta ce, “Amma me ya sa kike zaune da ciwo?” Na gaya mata komai. Ta ce in ce wa Malam ya je ya tambayi liman da bakinsa.

Ya je. Da ya dawo ya zauna a bakin ƙofa, ya ce liman ya yi masa faɗa. Ya ce masa lalura ce, ya ɗauki matarsa ya kai ta, ya tsaya a wurin har a gama, barin mace da ciwo ba tsoron Allah ba ne. Bayan Sallah da kwana uku muka tafi Gwarzo. Cikin ya shiga wata na bakwai. Ba mu gaya wa Gwaggo ba.

Mai wankin dattijo ne, mai furfura a gemu. Ya gaisa da Malam sosai, ya ba shi kujera kusa da ni. Malam ya zauna, amma bango ya fuskanta yana jan carbi. Aka kwantar da ni, aka sa wani ƙaramin ƙarfe mai lanƙwasa ana kankarewa. Ƙarar tana shiga har cikin kaina. Na tofar da jini da wasu baƙaƙen ɓarɓashi, na kasa yarda daga bakina suka fito. Hannuna biyu suna kan cikin, ina jiran in ji abin da Gwaggo ta faɗa. Ban ji komai ba sai shurin da ta saba yi.

Zuwa biyu muka yi. Ya ce akwai haƙorin turmi ɗaya da ke girgiɗi, zai bar shi sai na haihu. Ya koya mini goge baki da buroshi mai taushi, ya ce aswaki ma yana da kyau idan ban dirje da ƙarfi ba, in riƙa kurkurawa da ruwan ɗumi da gishiri. Da za mu tafi na ce masa, to yanzu zan kai wata tara ke nan? Ya ce, “Malama, ba zan yi miki alƙawarin abin da ba ya hannuna ba. Baki zan iya gyarawa. Ko ciwon ne ke jawo haihuwar wuri, ko kuwa wani abu ne daban yake jawo su duka biyun, manyanmu ma ba su gama daidaitawa ba. Abin da na sani, wankin ba ya cutar da ciki, kuma za ki iya cin abinci.”

Na fito raina a jagule. Na ɗauka idan na jure ƙarfen, za a ce mini shi ke nan.

Amma gaskiya ya faɗa a kan abincin. Cikin mako biyu jinin ya tsaya. Na ci gasasshiyar masara, na ci nama ba a daka ba. Yara suka daina ja da baya. Da Malam ya kawo ni Kara goyon ciki, Gwaggo ta ga ina tauna ƙashin kaza, ta tsare ni da ido. Na gaya mata gaskiya. Ta ce, “To. Allah ya kyauta.”

Cikin yana wata takwas da 'yan kwanaki, da hantsi, ina zaune ina tsince shinkafa, na ji ruwa ya ɓalle mini. Gwaggo ta duba ni, ta ce wannan ba na gida ba ne. Ita da kanta ta sa aka nemo mota. Kafin la'asar na haihu a Gwarzo.

Inna, da aka nuna mini ita na ji tsoro. Kanta bai fi lemun zaƙi babba ba, fatarta duk ta yamutse, kukanta kamar na 'yar kyanwa. Ba ta iya kama nono ba. Sai in tatsa a ƙaramin kofi a riƙa ɗiga mata. Ma'aikatan suka koya mini in ɗaure ta a ƙirjina, fata da fata, in rufe mu da zane, suka ce ɗumin jikina shi ne maganinta. Kwana shida muka yi a can. A rana ta uku ta yi wani shiru, launinta ya canja, na yi ihu, aka zo aka murza mata baya har ta ja numfashi. Ban san tsawon lokacin da abin ya ɗauka ba. Har yau idan barcinta ya yi nisa sai na kai yatsa hancinta.

A ranar ne Gwaggo ta yi magana, a gaban Malam, ba da faɗa ba. Ta ce, “Na ce kada a taɓa. Ga shi nan.” Malam ya tashi ya fita. Da ya dawo bayan Gwaggo ta tafi salla, ya tsuguna a gefen gado ya ce in yafe masa, shi ya kai ni aka sa mini ƙarfe. Na ce na yafe. Washegari ya sake zuwa ya ce in yafe masa, shi ya riƙe ni mako bakwai har ciwon ya yi nisa. Na ce wannan ma na yafe. Ya ce, “To wanne ne laifin nawa a ciki?” Na ce wallahi ban sani ba. Muka zauna muna kallon ta.

Muna dawowa gida aka aiko daga Gude cewa Larai ta sauka. Wata tara cif, namiji, ƙato, a ɗakinta, ko asibiti ba ta je ba. Larai da bakinta ya fi nawa ciwo, wadda ba ta bari kowa ya taɓa shi ba. Na yi mata murna, Allah ya sani. Amma na shiga ɗaki na yi kuka, kuma ban san wa nake jin haushi ba. Gwaggo kuwa sai da ta maimaita saƙon sau biyu.

Ranar suna Malama Hadiza ta zo barka. Na ja ta ɗaki na zazzage mata komai. Ta saurare ni har na gama. Ta ce wankin haƙori ba ya tayar da naƙuda, wannan kam ta tabbata. Ta tuna mini zazzaɓin cizon sauro da na yi ina wata biyar, da tsayuwar aji tun safe, da watannin da na yi ba na cin abin kirki saboda ciwon baki, da kasancewar ni kaina bakwaini ce. Ta ce, “Wataƙila da ba a wanke ba da wata bakwai za ta zo. Wataƙila kuma ko an wanke ko ba a wanke ba ranar za ta zo. Idan na ce miki na sani, ƙarya na yi.” Na ce to Larai fa? Ta ce ai ba duk mai ciwon ba ce ke haihuwa da wuri, ana cewa ne sun fi yawa. Na ce mata wannan amsar ba ta riƙe mutum. Ta ce ta sani.

Shi ne na yi abin da ban taɓa zaton zan iya ba. Na tambayi Baba.

Yana zaune a inuwar garka bayan la'asar yana tufkar igiyar shanu. Na durƙusa na gaishe shi, na daɗe ina kame-kame, sannan na ce ina so ya gaya mini yadda bakinki ya lalace. Ya ci gaba da tufka kamar bai ji ba. Har na yunƙura zan tashi, sai ya fara magana, idonsa a kan igiya.

Ya ce kafin ni kin haifi maza biyu. Na san da wannan, amma ban san dukansu da wuri suka zo ba, ban san ko suna ba su kai ba. Ya ce tun cikin na farko bakinki ya fara jini, kuma bai sake warkewa ba. Cikin da kika haife ni kuwa ya faɗo a shekarar ostariti, lokacin da sabulu ma sai an bi layi, ga fari, shanu sun ƙafe, babu nono babu mai. Ya ce wata uku kika yi ba ki tauna komai ba, sai kunu, shi ma sai ya huce. Ya goya ki a keke zuwa ɗakin shan magani, aka rubuta magani, ya zaga Gwarzo har ya dangana da Kabo bai samu ba, don a lokacin kantunan ma babu kaya. Shuɗin maganin nan aka shafa miki kuka dawo.

Ya ce da kika haife ni babu wanda ya sa rai. Ke ce kika naɗe ni a auduga, kika sa aka riƙa shigo da garwashi ɗakin, kina ɗiga mini nono da yatsa, kwana arba'in ba ki yarda kowa ya ɗauke ni ba. Duk wannan da bakin da ba ya rufuwa don kumburi. Bayan arba'in wanzami ya cire waɗanda ke girgiɗi, sauran suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Da haƙoran suka tafi, ciwon ya lafa. Auta da kika haifa daga baya, wata tara ta cika.

Na ce masa ni dai na taso ina ganin ni na jawo miki. Sai a nan ya ɗago ya dube ni. Ya ce, “Ke? Ita kanta take zargi. Har ta rasu tana cewa jikinta ne ba ya iya riƙe 'ya'ya, ita ta kasa yaran nan biyu. Na ce mata ƙaddara ce, ba ta ji ba.” Sannan ya ce, “Har yanzu ƙaddara ce. Amma da wani ya ce mini bakin yana da hannu a ciki, da ko a ƙafa ne na kai ta Kano.”

Innata. Ashe ɗaki ɗaya muke kwana, ni ina ɗauke da haƙoranki, ke kina ɗauke da yayyena biyu, babu wadda ta gaya wa 'yar uwarta. Kina yi mini kitso, kaina a kan cinyarki, kowa da abin da take haɗiyewa. Da na sani da na ce miki ba ke ba ce. Ko yanzu ban san mene ne ba. Ko bakin ne, ko yunwar shekarar ce, ko duka biyun, ko wani abu da babu wanda ya gano. Amma na san macen da ta yi kwana arba'in tana ɗiga nono da yatsa ba ta kasa kowa ba. Yanzu da nake tatsa a kofi ina lissafa numfashi, na san abin da kika yi mini. Ban taɓa yi miki godiya ba, don ban san akwai abin godewa ba. Na gode, Inna.

Ummi ta fara kama nono da kanta tun makon jiya. An auna ta, an ce ta ƙaru. Kumatunta sun fara fitowa. Idan ta yi hamma ina ganin dasashinta, ja mai kyau, babu komai a kai tukuna.

Saura abu ɗaya in gaya miki, don shekaranjiya ya faru. Ba ki san Saratu ba, matar ɗan Gwaggo ce, bayanki aka kawo ta gidan nan. Cikinta wata huɗu. Ta shigo ɗaki da rana ta kawo mini kunun kanwa, ta ajiye, ba ta fita ba. Sai ta ɗaga leɓenta ta nuna mini. Ya kumbura, yana tsattsafar jini. Ta yi ƙasa da murya ta ce, “Yaya, idan na je aka wanke, ba zan haifi bakwaini ba?”

Na so in ce mata e. Na so in ce mata a'a, ga ni nan na je kuma ga abin da na haifa. Na ce, “Saratu, ban sani ba. Waɗanda suka fi ni sani ma sun ce ba su gama sani ba. Abin da na gani da idona, ciwon ya tafi, na ci abinci, kuma ƙarfen bai taɓa mini ciki ba. Da zan koma baya, da wuri zan je.” Ta ce tana tsoron Gwaggo.

Ashe Gwaggo tana bakin ƙofa da tukunyar ruwan wankana. Ta ajiye tukunyar. Ta shigo, ta kama haɓar Saratu, ta juya ta wajen haske, ta daɗe tana duba bakin. Na ga fuskarta ta canja. Ta nuna ni, ta ce, “Haka na mahaifiyar wannan ya fara. Ni na riƙa tafasa mata bagaruwa, shekara nawa.” Ta sake ta, ta juya za ta fita, sai ta tsaya. Ta ce, “Ban ce na yarda ba. Amma idan za a je, da ni za a je. In ga abin da mutumin nan yake yi da idona.”

Jibi za su tafi, ita da Saratu da mijin.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da 'ya'yanki biyu da ba ki samu kin goya ba. Ya raya mini Ummi, ya sauki Saratu lafiya, ya sauki duk mai ciki da ke jin wannan wasiƙa. Abin da muka sani ya ba mu ikon aiki da shi, abin da ya shige mana duhu kada ya kama mu da shi. Amin.

Ta farka tana neman nono, bari in tsaya nan.

Wassalam.
'Yarki mai kewarki,
Hauwa'u.